Ta Wace Hanya Kuɗin Idon Gwaggo Za Su Bi?

Zuwa ga Kifi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, jirginku kuma yana saman ruwa inda ya kamata ya kasance. Mu nan lafiya ƙalau, in ban da ciwon bayan nan da ya tare a jikina kamar mugun ɗan haya, ba ya biya, ba ya tashi. Yara suna gaishe ka. Uwarsu ma tana gaishe ka, ta ce in tambaya ko har yanzu ba a samu mai juriyar warin man inji ba.

Na kira lambarka har wayata ta fara jin kunya. Kullum matar nan ta kamfanin waya ce ke ce min ba a same ka ba, yanzu har mun saba da ita. Shi ya sa na ja kujera a shagona na kayan gyaran mota, tsakanin kwalayen bel da na boris, na zauna rubuta maka imel, tunda ka ce da zarar jirginku ya matso gaɓa sabis ya kama, saƙonni ke fara shigo maka.

To, buɗe kunne, albishir ne. An kawo wani likitan ido asibitin nan na bayan tashar mota. Baƙo ne, aronsa aka yi zuwa ƙarshen wata. Na ɗauki Gwaggo a babur na kai ta. Ka san yadda idon ya koma, tun bara ba ta gane mutum sai ya yi magana, ni kuwa da tarina take gane ni. Likita ya haska mata fitila, ya ce yana ce kawai, ta nuna, jijiyar ido lafiyarta lau. A cire yanar, a sa mata wani ɗan gilashi a ciki, ta gani. Gwaggo ta ce masa, "Ɗan nan, in wasa kake ka faɗa min tun yanzu, ni ba na son a sa min rai." Ya ce ba wasa. A hanyar dawowa tana bayana tana ta lissafa abubuwan da za ta fara kallo, ina saurare har na kusa hawa kan mai baro.

Sista mai kula da ɗakin ido ta sa sunan Gwaggo a jerin waɗanda za a yi wa aiki, amma da fensir. Ta ce sai kuɗi sun shigo za ta bi kansa da biro. Likita kuwa in wata ya ƙare zai kama gabansa, ba wanda ya san ranar dawowarsa.

Ban manta ba, ranar da za ka tafi ka dafa kafaɗata ka ce duk sanda aka samu mai gyara idon Gwaggo aikin naka ne, saboda a ɗakinta ka yi karatu, ita ta yi ta wanke maka kayan makaranta. Ban yi maka musu a lokacin ba, yanzu ma ba zan yi ba, ni mutum ne mai girmama alkawarin wasu. Magani da zirga-zirga da jinya, wannan nawa ne. Dangantakata da kai sai an zauna an zana a ƙasa kafin a gano ta, kakarka da kakana wa da ƙanwa, amma a wurin Gwaggo ni da kai duk 'ya'ya ne.

Kada ka bi ta banki. Za su riƙe kuɗin su yi ta juya su, a gutsira nan a gutsira can, kafin su iso likita ya kai gida ya yi wanka. Tunda ka ce kana ajiye albashinka a dalar waya, USDT ɗin nan, na samo mai canji a nan kasuwa, farashinsa ya fi na kowa. Ka tura masa, shi kuma ya danƙa min kuɗin gida a hannu. Ga hoton adireshinsa na haɗo maka. Za ka ga na ɗan rage wa hoton kai, saboda sunansa da lambarsa suna sama. Ba don ban yarda da kai ba ne. Tun da na fara dillanci ban taɓa nuna wa mai saye ƙofar mai kaya ba, hannuna ne ma ya yanke kafin in yi tunani.

Naka,
Dillali

*

Yaya Dillali,

Wa'alaikumus salam. Saƙonka ya same ni muna bakin gaɓa ana yi mana lodi. Ina lafiya. Ka gaida yara da Anti, ka ce mata warin na nan, mai juriyar ce ba ta iso ba. Allah ya sawwaƙe ciwon baya, ko da yake ina zargin kujerar shagon nan taka ce, wadda ka ƙi canzawa tun ina firamare.

Wallahi Yaya, a tsaye na karanta maganar likita a bakin ƙofar ɗakin inji, sai ga ni ina dariya ni kaɗai, har abokin aikina ya leƙo ya duba ko wani ƙarfe ne ya faɗo min a ka. Kuɗin suna nan, tun tuni na ware su ban taɓa ba.

Sai dai ina da tambaya. Hoton da ka turo adireshi kawai ya nuna, mai farawa da 0x. Da na zo turawa, manhajar ta tsayar da ni ta ce in zaɓi netwok, wato hanyar da kuɗin za su bi. Ta jero min Ethereum, da Tron, da BNB, da wasu. Dalar iri ɗaya ce, amma kowace hanya zaman kanta take yi, ba sa haɗuwa. Ni sau ɗaya na taɓa tura wa wani, shi ma yana zaune kusa da ni, shi ya daddanna komai. Na tambayi mai gyaran wutar jirginmu, ya ce adireshin da ya fara da T na Tron ne, amma mai 0x ba a gane shi da ido, domin Ethereum da BNB da wasu duk riga iri ɗaya suke sawa. Ya ce mai karɓa ne kaɗai ya san ta inda yake jira.

Don Allah ka taka wurin mutumin naka ka tambaye shi wace hanya ce. Ko ka turo min hoton da kansa a wuyansa. Ba zan ƙwace maka shi ba, me zan yi da mai canjin kasuwarku ina tsakiyar ruwa?

Ka hanzarta. Da an gama lodi za mu tashi, kuma in muka shiga ruwa babu sabis sai tasha ta gaba. Ka riƙe min hannun Gwaggo ka ce mata Kifinta ne.

Ƙaninka,
Kifi

*

Zuwa ga Kifi,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya. Kujerata ta ji abin da ka ce a kanta, ta ce za ku haɗu. Na riƙe hannun Gwaggo kamar yadda ka ce, ta ce in saki, hannuna duk giris.

Kai yaro, ruwan gishiri ya fara shigar maka kai. In je in tambayi Mai Canji? Ka san abin da ka ce kuwa? Ranar da na je wurinsa, na zauna na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, na ce masa harkar nan tun tana jaririya na san ta, ina da mutane uku da ke roƙona in kai musu cinikin. Da wannan na matse shi ya ƙara min farashi. Yanzu in koma in ce, "Malam, don Allah mene ne netwok?" A take zai gane ban san komai ba, farashin ya zube ƙasa. A kasuwa rashin sani ba laifi ba ne, nuna shi ne ake biyan tara.

Kuma ni ban ga abin tambaya ba. Kullum ina aika kaya garuruwa. In na rubuta adireshin mai shago a jikin kwali, ko babbar mota ta ɗauka, ko ƙaramar bas, ko direban da ke bin tsohuwar hanya don gudun shingaye, ƙofa ɗaya kayan za su sauka. Mai kaya bai taɓa tambayata kalar motar ba. Adireshi dai adireshi ne. Tunda ka ce akwai hanyoyi da yawa masu irin wannan rigar, to Allah ya kawo mu gidan sauƙi: duba kuɗin dakon kowacce, ka zaɓi mafi araha. Ko a tasha haka nake yi, in zagaya direbobi in ji bakin kowa, in ba wanda ya fi jin yunwa.

Maganar hoto kuma a bar ta. Na san ba za ka ƙwace min shi ba. Amma yau kai ne, gobe ka nuna wa mai gyaran wutarku, jibi ya nuna wa ɗan'uwansa, kafin wata ya zagayo in je in tarar da layi a ƙofar mutumina, ni da na gano shi ina baya.

Tura kawai, kuma ka tura gaba ɗaya, kada ka tsaya rarrabawa kana biyan dako sau biyu. Gwaggo ta sa an fito mata da akwatin hotuna, ta ajiye shi a gefen gado, ta ce kada kowa ya taɓa sai ta dawo daga asibiti. Jiya na ji ta tana waƙa tana shara, ta share tsakar gida har da takalmina.

Naka,
Dillali

*

Yaya,

Ana cire igiya, za mu tashi. Na tura ta mai arahar. Ka duba, sauran bayani na

*

Kifi,

Sallama. Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Saƙonka ya iso da rabin jiki, ya tsaya a "bayani na". Na kira, matar nan ta ce ba a same ka ba. Yau ban ji daɗin muryarta ba.

Kuɗi ba su zo ba.

Da na ga "na tura", na rufe shago na saka hula na tafi wurin Mai Canji. Shagonsa wani ɗan siririn wuri ne tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da caja, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi. Ya duba wayarsa ya ce ba abin da ya shigo. Na ce a jira. Na sha shayinsa. Ya sake dubawa, babu. Washegari na dawo, babu. Rana ta uku na zo da muryar da nake ajiyewa don direbobin da suka ɓatar min da kaya.

Na tsaya a bakin ƙofa yadda layin zai ji, na ce, "Malam, ƙanina ya turo, kai ka ce ba su zo ba. Kuɗi ba su da ƙafa. Kuɗin idon tsohuwa ne, in ka ci ba za su narke maka ba."

Mai agogo ya cire gilashin idonsa. Mai caja ya rage rediyo. Shi kuwa Mai Canji ko gezau, mutum ne mai sanyi kamar randa. Ya ce, "Ta wace hanya ya turo?"

Na ce, "Ta mai araha."

Ya ce, "Mu ga hoton da ka tura masa."

Na miƙa masa waya. Ya kalla, ya kalle ni, ya sake kallon hoton. Ya ce, "Ina kansa?"

Na ce kai ba ya cikin ciniki.

Sai ya buɗo nasa hoton, na asali, ya ɗaga shi sama yadda har mai agogo zai gani. Kifi, a ƙarƙashin sunansa, daidai inda almakashina ya bi, an rubuta da jan rubutu: Ethereum, ERC20 kaɗai, abin da aka turo ta wata hanya yana iya salwanta. Ya ce asusunsa a wani kamfani yake, kuma wannan adireshin ƙofa ɗaya kamfanin ya buɗe masa. In ka turo ta wata hanya, manhajarka za ta ce an tura, kuma gaskiya ta faɗa. Tasa za ta ce ba su zo ba, ita ma gaskiya ta faɗa. Kuɗin suna can a ƙofa mai lamba irin tasa, amma a wani gari daban.

Mai caja ya ce, "Af, ba kai ne ka san harkar tun tana jaririya ba?" Layin nan kaf ya kwashe da dariya.

Na sassauta murya na ce to yanzu yaya za a yi. Ya ce wani lokaci kamfani yana iya ciro su, in an nema a rubuce, an biya, an yi dogon jira, wani lokaci kuma shi ke nan. Na ce ya duba min. Ya ce, "Ɓarawo ba ya duba wa mutane kaya. Sauka lafiya." Ya ja labulensa.

Ban faɗa wa Gwaggo ba. Ba laifinka ba ne, kai ka tambaya, ni na hana. In saƙon nan ya same ka, turo min duk wata shaida da manhajar ta ba ka.

Dillali

*

Zuwa ga Kifin albarka, marowaci ɗan marowata,

Assalamu alaikum! Lafiya muke, lafiya ƙalau, har ciwon baya ya tafi hutu. Na san wannan da na baya tare za su same ka, to ka karanta wancan da sauri, ka zauna a kan wannan.

Bari in bi da kai daki-daki. Bayan abin da ya faru na je wurin Sista in sayi lokaci. Na yaba tsaftar ɗakinta, na yaba rubutunta, na ce fensirin nan nata ma ya fi biron wasu kyau. Ta ce, "Baba, mutum nawa ne ke bayan tsohuwarka suna jira. Ranar da likita zai tsara aikinsa na ƙarshe, in ba kuɗi, ga abin gogewa nan." Ta nuna min shi. Ban taɓa ganin ƙaramin abu mai ban tsoro irinsa ba.

Sai na fito da babur ɗina gaban shago, na wanke shi, na ce na sayarwa ne. Kifi, ashe mutanen kasuwar nan jira suke! Duk wanda na taɓa matse wa farashi sai da ya zo. Mai Taya maƙwabcina ya zagaya shi, ya buga tayar da ƙafa, ya taɓe baki, ya ce, "Injin ya sha wuya, amma don zumunci zan taimaka maka." Kalmomina ne, Kifi. Har yadda nake karkatar da kai ya kwaikwaya. Ya taya shi kuɗin keke. Na ce zan yi shawara.

Da yamma na shiga gaida Gwaggo. Ban jima da zama ba ta ce, "Yau da ƙafa ka zo, kuma ba ka yi tsiyar kowa ba tun da ka zauna. Me ka ɓata?" Na kwashe duka na faɗa mata. Na zaci za ta yi kuka. Sai kawai ta ce, "Idon na Allah ne. Amma bawan Allahn da ka kira ɓarawo a gaban mutane fa? Ka koma inda ka tsaya ka faɗa, da irin muryar da ka faɗa, ka janye. In ba haka ba ko an gyara idon ba zan kalle ka ba."

Da safe na je. Na tsaya daidai wurin, na ce, "Jama'a, ni na yanke hoto, mutumin nan amintacce ne, ni ne ban san komai ba." Mai caja ya ce bai ji ba, rediyo na kunne. Na maimaita.

Mai Canji ya ɗaga labule ya ce in shigo in riƙe numfashi. Ya ce kowace hanya tana da shafin da kowa zai iya dubawa ya ga abin da ya shiga adireshi. Ya kwafi adireshinsa ya liƙa a na Ethereum, babu sabon abu. Ya liƙa a na BNB, sai ga shi, ranar da ka ce ka tura. Ya kalli allon, ya matso da fuska, sai kafaɗunsa suka fara rawa don dariya. Ya juyo min da wayar.

Kuɗin shayi da burodi ne, Kifi! Abin da ka turo ke nan!

Na tambaye shi ko hanyar ce ta cinye sauran. Ya ce hanya ba ta cin haka, ƙaninka gwaji ya yi, sauran suna hannunsa. Wallahi ban san sanda na rungume shi ba, muka bugi bango, agogunan maƙwabci suka yi ta kaɗawa. Ni da na ce maka kada ka biya dako sau biyu! Allah ya yi wa rowarka albarka, ya ƙara maka ita. 'Yan kuɗin da suka maƙale kuwa ya ce kuɗin ciro su ya fi su yawa, na ce na bar wa hanya sadaka.

Na fita na tarar da Mai Taya yana zaune a kan babur ɗina yana gwada hon. Na ce ya sauka, farashi ya tashi.

Yanzu ga aiki. Na tambayi Mai Canji, da bakina, a gaban mutane, ko yana da ƙofa a hanya mai sauƙin dako. Ya ce yana da ta Tron, ya buɗe ya ba ni. Ga hoton nan da kai da ƙafa, har da sunansa da lambarsa, ka nuna wa duk wanda ka ga dama. Adireshin ya fara da T, a sama an rubuta TRC20. Ya ce ka tabbata abin da ka zaɓa a manhajarka shi ne abin da ke rubuce a hoton, harafi da harafi, ka duba farkon adireshin da ƙarshensa bayan ka liƙa. Ka fara turo kaɗan. Ka ji ni da kyau, ni ne na ce ka turo kaɗan.

Abin da ya rage shi ne jirginku ya ga ƙasa kafin Sista ta ɗauki abin gogewarta. Ka ce wa direbanku ya taka.

Naka har kullum,
Dillali

*

Yaya Dillali,

Wa'alaikumus salam. Mun iso da hantsi, iska ce ta riƙe mu a hanya. Ina lafiya. Wayata na kama sabis saƙonninka suka faɗo tare, na karanta na farko na dafe kai, na karanta na biyu na zauna a kan bokiti ina dariya har hawaye. Kaicona da ban ga Mai Taya yana taya babur ba.

Ka yafe min rabin saƙon nan. Na so in ce sauran bayani na tafe, kaɗan na tura, sai sabis ya ɗauke. Duk tafiyar nan da shi na kwana na tashi. Ba wayo ba ne, Yaya, sabo ne. A ɗakin inji in an ɗaura sabon bututu ba a buɗe famfo gaba ɗaya, ana ɗan murɗawa ne a ga ko zai yi yoyo. Hannuna ne ya ƙi, kamar yadda naka ya yanke.

Na duba hoton. Na zaɓi Tron, TRC20, daidai da abin da ke sama. Adireshin ya fara da T, na karanta farkonsa da ƙarshensa da ƙarfi, mai gyaran wuta yana riƙe da hoton yana bi. Na tura kaɗan, ga lambar shaidar nan a ƙasa. Ina zaune a saman jirgi inda sabis ya fi ƙarfi, ba zan motsa ba. Mai Canji na cewa ya gani, ka rubuto min kalma ɗaya, in sako sauran.

Kifi

*

Kifi,

Ya gani! Sako!

Dillali

*

Zuwa ga Kifi,

Assalamu alaikum. Gaisuwa daga gida cike da mutane. Kowa lafiya, yara sun ƙi zuwa makaranta sai da aka kora su.

Sauran kuɗin sun shigo kafin shayina ya huce. Na hau babur, nawa, na kaina, na isa asibiti na tarar da Sista ta baje takardu tana tsara ranakun ƙarshe. Na ajiye mata rasit a kan tebur, karo na farko a rayuwata da na biya kuɗi ban nemi ragi ba. Ta kalle ni ta ce, "Baba, ka sha da ƙyar."

An yi aikin idon dama, bayan 'yan kwanaki aka yi na hagu, likita ya tafi jiya. Amma bari in ba ka labarin safiyar da aka cire bandejin farko. Ina tsaye a gefen gado, Antinka tana riƙe da jaka. Likita ya ɗaga audugar a hankali. Gwaggo ta ƙifta, ta ƙifta, hawaye na zuba. Ta kalli likita ta ce, "La ilaha! Ashe yaro ne kai! Da na sani ai da ban yarda ba." Ɗakin ya ɗauki dariya. Sai ta juyo kaina, ta dube ni tun daga hula har takalmi, ta ce wa Antinka, "Wannan tsohon fa, wa ya zo dubawa?" Na yi tari. Ta ce, "Kai ne? Yaushe ka yi wannan tumbin? Kullum kana ce min kasuwa ba ciniki!"

Ka ji fa, Kifi. Ni da ba a taɓa rufe min baki a kasuwa ba, na fita baranda na tsaya ina kallon motoci, wani abu ya shigar min ido.

Mai Canji ya zo dubiya da lemo. Gwaggo ta ce fuskarsa ta masu gaskiya ce, ta tambaye shi yadda aka yi ya san ni. Farashin nan da na matse shi ya ƙara min kuwa, ya ce daga yau ya koma na kowa da kowa. Ban yi musu ba. Zan bari ya huce tukuna.

Na nuna mata hotonka a waya. Ta karɓa ta daɗe tana kallo, sannan ta sa a kawo mata takarda. Na ce ta faɗa in rubuta, ta ce in matsa. Ga abin da ta rubuta, manyan haruffa kamar allon talla, layi yana hawa yana sauka.

Naka,
Dillali

*

Kifina,

Ni ce da hannuna. Ina gaishe ka. Na ga hotonka. Ka rame, gemun kuma bai karɓe ka ba, ka aske.

Na ga ɗakina. Akwai tsaga a bango ba wanda ya faɗa min. Na ga 'ya'yan yayanka, ƙaramar da kakarka take kama. Na ga sama da safe, ban tuna haka take da faɗi ba.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka a kan ruwan nan. In kun huta ka zo in gan ka, ba a cikin waya ba.

Zan tsaya nan. Ba idon ne ya gaji ba, hannun ne.

Gwaggonka